Ɓera a gida lokacin hunturu: me ke kawo shi, kuma ta ina ake fara maganinsa?

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, kusan duk gidan da aka shiga a Kebbi kukan ɗaya ne: ɓera, ko kusu kamar yadda aka fi cewa a nan, ya addabi mutane. Ana jin gudunsa cikin silin da dare, a wayi gari a tarar da buhun shanshera a huje, ya gwaguye sabulu, ya datse wayar caja. Abin da aka saba faɗi shi ne sanyi ne ya koro su. Sanyin yana da nasa kason, musamman a dararen Disamba da Janairu da iska ke kaɗawa, amma sanyin Birnin Kebbi ko Argungu bai kai ya kashe ɓera a raminsa ba. Abin da ya faru shi ne abincinsa ya yi ƙaura, shi kuma ya biyo sawu.

Duk tsawon damina ɓera yana gona, cikin ciyawa da hatsi, yana ci yana haihuwa. Da kaka ta yi sai a yanke gero da dawa, a cire gyaɗa, a roro wake, a girbe shinkafar fadama, a kwaso komai a kawo gida. Gonar da ta ciyar da shi wata biyar ta koma fili. Shanu su bi su cinye abin da ya saura, sannan masu farauta da masu sharar gona su cinna wa daji wuta. A daidai lokacin da yawansa ya kai ƙololuwa, a lokacin ne ya rasa abinci da mafaka, kuma duka biyun suna jibge a gidajenmu. A garuruwan shinkafa irin su Argungu, Augie, Suru da Bunza abin ya ƙaru tun da noman ya bunƙasa bayan ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a jihar a 2015, don yanzu ɗakin kwana ma ya zama sito a gidaje da yawa.

Wanda ya gane wannan zai ga dalilin da ya sa sayen guba a ranar kasuwa ba ya kawo ƙarshen matsalar. Gubar ta kashe goma, amma hatsin yana nan, ƙofar da suka shigo tana nan, wasu goman suna hanya. Tsarin da ke aiki shi ne a fara da hana shi abinci, a toshe masa hanya, a kama waɗanda suka rage a ciki, guba kuma ta zo a ƙarshe idan ma an buƙace ta. Yawancin mutane daga ƙarshen suke farawa.

Wane ne a gidan?

Ba duk abin da ke gudu a gindin bango ne iri ɗaya ba, kuma sanin wanda ake fama da shi yana rage ɓarnar kuɗi. Akwai ƙaramin ɓeran ɗaki, wanda ba ya nisa da sheƙarsa: mita 3 zuwa 10 ne iyakar yawonsa. Idan aka ga kashinsa a kicin, to sheƙar tana kicin ɗin ko ɗakin da ke manne da shi. Akwai babban baƙin ɓera mai wutsiyar da ta fi jikinsa tsawo, gwanin hawa, wanda ke zama cikin silin da tsakanin azara, yana bin wayar lantarki da reshen bishiya. Sai ɓeran gona mai nonuwa da yawa, wanda macensa kan kai nono 24, shi ne ke shigowa da kaka, kuma shi ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa. Cikinsa kwana 23 ne ko kusa da haka, yakan haifi 10 zuwa 12 a ciki ɗaya, 'ya'yan kuma cikin wata biyu zuwa uku sun fara tasu haihuwar. Mace ɗaya da ta shigo sito a Nuwamba tana iya ganin jikokinta kafin zafi ya shigo.

Gafiya aikinta daban ne, rami take haƙawa a gindin katanga ko ƙarƙashin rumbu tana jidar kaya. Jaba kuwa, mai dogon baki da wari, ba dangin ɓera ba ce, kyankyasai da ƙwari take ci, ba ita ke huje buhu ba ko da yake ita ma ba a so ta bi ta kan abinci.

Kashi shi ne shaida mafi sauƙi. Na ƙaramin ɓera bai wuce ƙwayar shinkafa ba, baƙi, mai tsini. Na babba ya kai santimita ɗaya ko ya ɗara. Sabo yana da sheƙi da laushi, tsoho ya yi fari-fari yana marmashewa. Inda suka saba bi, jikin bango yakan yi baƙin maiƙo. Idan ana son sanin hanyarsu sai a tankaɗe toka, a barbaɗa ta siriri a gindin bango da bakin ƙofa da daddare, da safe sawu zai nuna inda suka fito da inda suka nufa. Rami kuma a cusa masa takarda ko a rufe shi da ƙasa sako-sako. Wanda aka tarar a buɗe da safe akwai mai shi a ciki. Ganin ɓera da rana tsaka alama ce ta cewa sun yi yawa har abinci da wuri sun fara yi musu kaɗan.

Hatsi da ragowar abinci

Babban ɓera yana cin kamar giram 20 a rana. Lissafin ba wuya: guda 20 a sito suna cin giram 400 kullum, cikin wata huɗu na hunturu sun tashi kilo 48, kusan rabin buhu. Wannan abin da ya shiga cikinsu ne kawai. Wanda suka ɓata da fitsari da kashi da gashi ya fi haka, ga buhunan da suka huje hatsi na tsiyaya.

Buhun da aka jingina da bango a kan daɓe, an ba ɓera abinci da maɓoya a wuri ɗaya. A yi dandamali na katako da zai ɗaga buhuna santimita 20 zuwa 30 daga ƙasa, a bar tazarar kamu ɗaya, wato kamar rabin mita, tsakanin buhuna da bango ta kowane gefe, a kuma bar sarari tsakanin buhun sama da rufi. Dandamalin ba ya hana ɓera hawa. Amfaninsa shi ne tsintsiya da tocila su iya shiga ko'ina, a ga ɓarna tun tana kwana biyu, kuma akwai wurin ɗana tarko. Mutane suna ƙyashin wannan tazarar don ɗakin ya yi kaɗan, sai a cika shi har bakin ƙofa, ba a sake ganin bayan buhunan sai watan Maris.

Abin da ake ci yau da gobe, gari, tsaki, wake, gyaɗa, shinkafar tuwo, ƙuli-ƙuli, busasshen kifi, wurinsa mazubi mai murfin da ke kamawa. Duron ƙarfe mai cin lita 200 ya fi komai, in dai an tabbatar ba a taɓa zuba maganin feshi ko wani sinadari a cikinsa ba. Roba mai kauri tana yi, amma idan yunwa ta kai wa babban ɓera yakan gwaguye bakin murfin. Faifai a kan ƙwarya ba rufi ba ne. Buhun nan mai rufi uku da ake kira PICS, leda biyu a ciki da buhu a waje, an yi shi ne don ƙwari, amma da yake ƙanshin hatsi ba ya fita sosai ɓera bai cika damuwa da shi ba. Sharaɗin shi ne a ɗaure kowace leda daban, kada a bar ƙwayar hatsi a jikinsa ko a ƙasa kusa da shi, kuma shi ma a ɗora shi kan dandamali, don huda ɗaya ta isa ta lalata aikinsa. Kafin a rufe hatsi a duro ko irin wannan buhu dole ya bushe ƙayau. A zuba ɗan hatsin a busasshiyar kwalba tare da cokali ɗaya na busasshen gishiri, a girgiza, a bar shi ya ɗan jima. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, a mayar da shi shanya, in ba haka ba an tsere wa ɓera an faɗa hannun fumfuna.

Rumbu kuma ƙarfinsa a ƙafafunsa yake. Wanda aka ɗora kan duwatsu gajeru, ƙarƙashinsa cike da kara da tarkace, gida ne aka gina wa gafiya. Idan rumbun kara ne mai ƙafafun itace, a ɗaga shi ya kai mita ɗaya, a sa maƙeri ya yanko langa-langa ya naɗa wa kowace ƙafa kamar mazurarin da aka kife, a tsayin da bai gaza santimita 60 daga ƙasa ba, bakinsa ya fito kamar taƙi ɗaya daga jikin itacen. Ƙasa da haka ɓera tsalle zai yi ya wuce. Ƙafa ɗaya da aka bari ba kariya ta ɓata sauran, haka ma tsani ko dami ko galma da aka jingina a jikin rumbun, ko reshen darbejiya da ya sunkuyo kan jinka.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kwanukan tuwo da aka bari a tsakar gida sai da safe, ƙanzo a tukunya, dusar da awaki suka rage, tsabar da aka watsa wa kaji da yamma ba su cinye ba, wannan kaɗai ya ishi garke guda ko da an kulle sito da kwaɗo. A wanke kwanuka da dare, ko aƙalla a kife babbar roba a kansu a danne da dutse. A ba kaji da tantabaru abin da za su cinye kafin magariba. Buhun dusa da na ƙowa su ma su shiga duro. Ruwa ma abinci ne a wajen babban ɓera, ba ya jure rashinsa, kuma a hunturu ruwa ya yi wuya a waje, shi ya sa randa da tulu da bokitin da ba murfi suke jawo shi. Wani lokaci har ya faɗa ciki.

Toshe hanya

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Ƙaramin ɓera yana wucewa ta kafar da ba ta fi milimita 6 ba, wato kaurin fensir. Matashin babban ɓera milimita 12 ta ishe shi. Inda kansa ya shiga jikinsa zai bi. Haƙoransa na gaba kuma ba sa daina tsiro, shi ya sa kullum yake gwaguya: katako, roba, leda, laka, wayar lantarki, har siminti marar ƙwari. Don haka cusa tsumma ko kwali ko katifar soso a rami ba toshewa ba ne, kayan shimfiɗa aka kai masa.

A ɗauki fensir da tocila a zaga gidan da rana, daga waje tukuna. Wuri na farko shi ne ƙasan ƙofa. Yawancin ƙofofinmu, na katako da na ƙarfe, akwai tazarar yatsa biyu ko uku tsakaninsu da dokin ƙofa. Idan fensir ya shige, ɓera zai shige. Ƙofar ƙarfe mai walda zai ƙara mata ƙarfe a ƙasa; ta katako a buga mata langa-langa mai tsawon santimita 30 daga ƙasa, a naɗo shi ta gefe don kada ya sami bakin da zai fara ci. Idan daɓen ne ya zaizaye sai a ɗaga dokin ƙofar da siminti. Gwaji mai sauƙi: a shiga ɗakin da rana a rufe ƙofa da taga, duk inda haske ya ratso a duba shi.

Na biyu rariya. Kowane gida yana da ita, kuma ita ce babbar hanyar da ta haɗa tsakar gida da kwatar waje. Ba a toshe ta, raga ake sa mata: ragar ƙarfe mai kauri wadda idonta bai wuce milimita 6 ba, a kama ta da siminti ta kowane gefe. Ragar sauro ba ta yi, ko ta roba ko ta siririyar waya, dare ɗaya zai keta ta. Ragar kaji kuma idonta ya yi faɗi. Matsalar raga a rariya ita ce datti yana toshe ta, sai wani ya gaji ya fizge ta, don haka gara a yi mata firam da za a iya zarewa a wanke a mayar. Haka za a yi wa bututun iska na masai da kafofin iska na sito. Bakin masai kuma ya samu murfi mai nauyi.

Na uku inda bututun ruwa ko wayar lantarki ko ta sola ta huda bango. Masu aikin sukan fasa rami babba su wuce abinsu. A cusa soson ƙarfe na wanke tukunya a matse shi sosai, sannan a shafe da siminti, awo ɗaya na siminti da uku na yashi. Soson shi kaɗai yana tsatsa ya zube, simintin shi kaɗai kuma idan ramin babba ne yakan faɗa ciki kafin ya kama.

Ginin ƙasa yana da tasa hanyar. Ramin da ke gindin bangon laka, idan aka cika shi da laka zalla, kwana biyu an sake buɗe shi. A fara dandaƙa tsakuwa da fasassun kwalabe a cusa can ciki, sannan a yaɓe da laka mai ƙarfi ko siminti. A yi hattara da kwalaben, a nutsar da su yadda hannun yaro ba zai kai gare su ba. Wanda yake da hali ya yi wa gindin bango daɓen siminti ta waje, faɗin kamu ɗaya, ya ɗan nutsa cikin ƙasa. Yana hana haƙa, kuma da damina yana kare ginin daga zaizaya.

Sai sama. Tsakanin kan bango da kwanon rufi akwai kafofin da tudun kwano ya bari, ta nan baƙin ɓera ke shiga silin. A cike su da siminti ko a bi su da raga. A sare duk reshen da ya zo kusa da rufi da ƙasa da mita ɗaya. Kada a raina ɓeran silin: wayar da ya feƙe tana iya tayar da gobara, ga hunturu komai a bushe, ga iska.

Akwai kuskuren da ake yawan yi, wato a toshe ko'ina alhali suna ciki. Wanda aka rufe a silin ko dai ya mutu ya yi wari, ko ya huda sabuwar hanya ta cikin ɗaki. A toshe sauran kafofi a bar babbar hanyarsu ɗaya, a ɗana tarko a bakinta na kwanaki, sai an daina kamawa a rufe ta.

Tsakar gida da bayan ɗakuna ba sa buƙatar dogon bayani. Karan dawa, harawa, itacen girki, tsofaffin tayoyi da buhunan ƙaiƙayi su bar jikin bangon ɗakin kwana. Harawa ta hau rumfa, itace ya hau kan duwatsu nesa da bango. Juji ya yi nisa da gida. Injin ban ruwa da janareta da motar da aka ajiye ba a tayarwa, a riƙa buɗe su ana dubawa, don ɗumin inji da soson kujera suna jawo sheƙa, manomi ya zo fara noman rani ya tarar an cinye wayoyi.

Tarko

Tarkon ƙarfe, wanda ke bugewa nan take, har yanzu shi ne mafi amfani, kuma yawancin masu cewa ba ya kamu ba su ɗana shi daidai ba ne. Ɓera ba ya ratsa tsakiyar ɗaki, gindin bango yake bi yana shafa shi da gashin bakinsa. A ajiye tarkon a gicciye, bakin da ke da abincin yana taɓa bango. Tarko ɗaya a gida wasa ne. A sa shida zuwa goma a dare ɗaya, tazarar mita 2 zuwa 3 a inda aka ga kashi. A sayi girman da ya dace, don ƙaramin tarko ba ya kashe babban ɓera, rauni kawai zai yi masa ya koya masa wayo, babban tarko kuma ƙaramin ɓera yakan cinye abincin bai motsa shi ba.

Babban ɓera yana tsoron sabon abu. Idan ya ga abin da bai saba gani ba a hanyarsa yakan kauce masa kwana biyu ko uku. Dabarar ita ce a sa abinci a tarkon ba tare da an ɗana ba, dare biyu ko uku, sai an ga ana cinyewa sannan a ɗana duka a dare ɗaya. Abincin kada ya wuce girman ƙwayar wake: tunkuza, ƙuli-ƙuli, kan busasshen kifi ko daddawa, a ɗaure da zare don sai ya ja. Kuma tarko ba ya kamu a ɗakin da hatsi ke zube a ƙasa, shi ya sa aka ce a fara da rufe abinci. A duba kowace safiya, a ci gaba har a yi mako guda ba kamu, ba sabon kashi.

Wasu suna amfani da bokiti mai lita 20, a zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku, a rufe fuskar ruwan da ƙaiƙayi da 'yar tsaba, a jingina katako. Yana kamu sosai a sito, amma ba a gidan da yaro mai rarrafe zai kai gare shi ba. Tarkon gam ya fi arha, sai dai ƙurar hunturu tana kashe danƙonsa cikin kwanaki, ga shi ɓeran yana daɗewa a manne yana fitsari da kashi, wanda zai ɗauka kuma yana iya shan cizo. Kyanwa tana rage ƙanana kuma warinta yana sa su taka-tsantsan, amma ba ta shiga bayan buhu, ba kuma kowace ke tunkarar babba ba. Mujiyar da ake jifa saboda camfi ta fi kyanwa wannan aikin nesa ba kusa ba, ɓeraye ne kusan duk abincinta.

Guba, da abin da ba a faɗa wa mai saye

Gubar ɓera iri biyu ce a kasuwa. Akwai mai kisa nan take, yawanci baƙin gari mai warin tafarnuwa. Tana kashewa cikin sa'o'i, amma wanda ya ɗanɗana kaɗan ya ji ciwo bai mutu ba, ba zai sake kusantar wannan abincin ba. Ba ta da makari. Akwai kuma mai tsinka jini, wadda ke zuwa a dunƙule ko ƙwaya-ƙwaya masu launin shuɗi ko ja ko kore; ita sai bayan kwana 3 zuwa 7 ɓera ke mutuwa, shi ya sa ba ya gane abin da ya ci. Mutane sukan ga kwana biyu ba gawa su ce jabu ce. Ita tana da makari a asibiti, sinadarin bitamin K1.

Idan ta kama dole, a sayi mai lambar rajistar NAFDAC a cikin kwalinta, ba ƙulli a leda ba suna ba. Kada a barbaɗa ta a fili ko a kan ragowar tuwo a murfin kwano. A sa ta cikin guntun bututun roba mai tsawon kamu ɗaya, a kwantar a gindin bango a danne da bulo, inda yaro da kaza da akuya ba za su kai ba. A tsince gawarwakin kullum, don kyanwa ko kare ko mujiyar da ta ci mushen ita ma ta tafi. A gargaɗi yara masu farautar gafiya, wadda ta ci guba tafiyarta a hankali take, ita ce mai sauƙin kamawa. Idan yaro ya haɗiya, kada a tsaya ba shi manja ko madara ko a sa shi amai. A tafi asibiti da kwalin a hannu, ko da an ga kamar lafiyarsa lau, don mai tsinka jini ba ta nuna kanta sai bayan kwana ɗaya ko biyu.

Abu biyu kuma bai kamata a yi maganin ɓera da su a gida ba ko kaɗan. Fiya-fiya maganin ƙwari ne. Ƙwayar hayaƙin nan da ake jefawa cikin buhun wake ko masara kuwa, da ta sha danshin iska take sakin iskar da ke kashe mutum. Sa ta a ramin ɓera a cikin ɗaki, ko a siton da ya haɗa bango ko silin da ɗakin kwana, ganganci ne da rai, balle a hunturu da ake rufe ƙofa da taga ruf.

Lassa da yadda ake share wurin

An fara gano zazzaɓin Lassa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, kuma a Najeriya ya fi tashi ne da rani, daga Disamba zuwa Afrilu, daidai lokacin da ɓeran gona ke cikin gidaje. Kebbi ba ta cikin jihohin da ya fi kamari, irin su Ondo, Edo, Bauchi da Taraba, amma ɓeran da ke ɗauke da shi yana ko'ina a ƙasar nan. Shi ɓeran ba ya ciwo, yana dai zubar da ƙwayar cutar a fitsari da kashi. Mutum yana ɗauka ta abinci ko ruwan da ya ɓata, ta shaƙar ƙurar kashinsa, ko wajen feɗe shi, sannan ta jini da sauran ruwan jikin marar lafiya. Alamun suna iya ɗaukar har kwana 21 kafin su fito. Kusan mutum 8 cikin 10 ba sa jin jiki sosai, amma ga sauran yana da tsanani, ya fi muni ga mai tsohon ciki, kuma wasu da suka warke sukan rasa ji. Farkonsa kamar zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot, shi ya sa ake makara. Zazzaɓin da aka sha magani kwana biyu zuwa uku bai sauka ba, ga ciwon maƙogwaro ko amai, asibiti ya kamata a nufa ba kemis ba, a kuma faɗa wa likita cewa akwai ɓera a gidan. Layin kyauta na NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, shi ne 6232.

Wannan ne ya sa shanya a gefen titi ko a ƙasa ba shimfiɗa take da haɗari, musamman abin da ba za a sake dafawa ba. Shinkafar da aka turara, kuɓewa, tattasai da gari, a shanya su kan tamfol ko rumfa, a kwashe kafin rana ta faɗi.

Wajen shara kuwa, abin da hannu ya saba shi ne a ɗauki tsintsiya a share kashin a bushe, wannan kuma shi ne ke tayar da ƙurar zuwa hanci. A buɗe ƙofa da taga na minti 30 tukuna. A haɗa ruwan bilic irin Hypo ko Jik, awo ɗaya da awo tara na ruwa, a jiƙa kashin da sheƙar da gawar, a bar su minti 5. A sa safar hannu ta roba, in babu a zura hannu cikin leda biyu, a rufe hanci, a kwashe da takarda ko tsumman da za a yar. A ƙulle a leda, a binne a rami mai zurfin kamu ɗaya nesa da rijiya, ko a ƙone. Kada a wurga mushen bayan katanga ko kan juji. A wanke hannu da sabulu, tarkon ma a jiƙa shi a ruwan bilic kafin a sake ɗanawa. Dafaffen abincin da ɓera ya taɓa zubarwa ake yi, ba a yanke gefen a ci sauran.

Babban ɓera yana yawon mita 30 zuwa 50 a dare, wato gida uku ko huɗu a unguwar da katanga ke manne da katanga. Gidan da ya gyara shi kaɗai zai samu sauƙi, amma kwata da juji da kangon da ke maƙwabtaka za su ci gaba da turo masa baƙi. Inda mai unguwa ya sa rana ɗaya aka yashe kwata, aka kwashe juji, aka ɗana tarko a layi gaba ɗaya, an fi ganin bambanci. Lokacin da ya fi dacewa da toshe-toshen shi ne Oktoba, kafin dami na farko ya shigo gida. A garuruwan fadama kuma a sake zagayawa da fensir da tocila a watan Afrilu, don shinkafar rani tana shigowa da nata ɓerayen.